Larabcin Kawu a Iskandariyya

Kawu ya haddace Alfiyya tun kafin a haife ni, kuma a unguwarmu babu mai ja da shi a nahawu. Da ya zo Alƙahira aka yi masa aikin ido, ido ya buɗe tarwai, sai ya ce ba zai koma Kano ba sai ya ga Iskandariyya. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba ya son tafinta. "Kai dai riƙe jaka, ɗan nan." Shekarata uku ke nan ina karatu a Masar, amma na riƙe jaka.

Tafiyar jirgin ƙasa daga tashar Ramsis kusan awa uku ce. Da jirgi ya tsaya a Sidi Gabir, Kawu ya ga mutane sun miƙe, shi ma ya tattare babbar riga ya sauka, yana gyara wa mutanen gari sunan tasharsu, wai Jabir ake cewa. Tashar da muke nufi ita ce ta gaba, wadda ke kusa da tsohon gari. Haka muka ƙare a taram, ɗan jirgin cikin gari mai shuɗin fenti, wanda aka fara tun 1863 lokacin dawakai ne ke jansa. Kawu ya hango tarago mai sarari, ya shige da sallama kafin in buɗe baki. Taragon mata ne. Wata dattijuwa ta ce masa, "Ya Hag, nan fa na mata ne." Kawu ya dafa ƙirji ya jero ban haƙuri cikin Larabcin littafi, babu wasalin da ya bari a baya. Taragon ya yi tsit. Can wata ta ce, "Sadaƙallahul azim," sai dariya ta ɓarke. Ya sauka a tasha ta gaba yana cewa aƙalla sun san girman magana.

Shi Kawu hasumiya ya zo gani. Ya karanta a littattafai cewa Iskandar ya kafa garin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sarakunan da suka gaje shi sun gina hasumiyar fitila a tsibirin Faros, tsayinta ya haura mita 100, jiragen ruwa na hango wutarta daga nesa. Ya ce wa mai tasi a kai shi Ƙal'atu Ƙaitbai. Mai tasi ya ce, "Al'a? Aiwa." Kawu ya juyo ya tambaye ni ina suka kai ƙafun. Na ce Misirawa ba sa furta shi a hira. Ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Hasumiya kam babu ita. Girgizar ƙasa ta yi ta cinta, har Ibn Baɗuɗa da ya zo a 1349 ya tarar ba a ma iya shiga cikinta. A 1477 Sarki Ƙaitbai ya fara gina ganuwa a gurbinta, aka sa wasu daga cikin duwatsunta a ginin, sauran kuma suna ƙarƙashin ruwa, inda masu ninƙaya suka gano su a 1994. Ganuwar kanta abin kallo ce: farin dutse, masallaci a ciki, ƙananan tagogi na maharba, ga kwale-kwalen masunta jere a gaɓa masu launi iri-iri. Kawu bai gamsu ba. Ya ce zai leƙa ya ga duwatsun da sabon idonsa.

Watan Nuwamba ne, lokacin da guguwar hunturu ke fara kaɗawa. Mutanen garin suna kiranta nawwa, kowace da sunanta da lokacinta, har akwai wadda ake kira Tsintsiya. Wani mai sayar da gasasshiyar masara ya ɗaga wa Kawu hannu yana ihu, Kawu ya ɗauka gaisuwa ce ya amsa. Igiyar Bahar Rum ta daki dutse ta tashi sama, ta sauko a kan shadda mai sitaci da aka yi wa bugu a Kano. Hula ta bi ruwa. Mutumin da duk ruwan da ya sani bai wuce na dam ɗin Tiga ba ya tsaya yana tofar da gishiri, ya ce, "Ashe da gaske ne ba ya shayuwa."

Na ba da shawarar mu fake a ɗakin karatu. An buɗe shi a 2002 don tunawa da tsohon da ya salwanta, an yi rufinsa kamar faifan rana da ke fitowa daga teku, kuma an tsara shi ya ɗauki littattafai miliyan 8. A bangon waje, na dutsen Aswan, an sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya. Kawu ya shafe minti ashirin yana neman ajami, ruwa na ɗiga daga hannun riga. Cikin ma bai daɗe ba, don takalminsa na kuka a kowane taku, ɗalibai na ɗago kai.

A Amudus Sawari ne ransa ya fara ɓaci da garin. Ginshiƙi ne na jan dutse, kusan mita 27, Turawa suna kiransa Ginshiƙin Pompey, alhali Pompey bai san da shi ba, don an kafa shi ne saboda Sarkin Rum Diocletian, shekaru ɗaruruwa bayan mutuwar Pompey. Kawu ya lissafa da yatsu: hasumiya babu hasumiya, tsohon ɗakin karatu babu shi, kabarin Iskandar har yau ba a gano ba, ginshiƙi kuma da sunan wani. "Wannan gari ne ko tatsuniya?"

Nan kusa kuwa akwai Kom Shuƙafa, maƙabartar ƙarƙashin ƙasa ta ƙarni na biyu, hawa uku da aka fafe cikin dutse. Ana sauka ta matakala mai zagaye rijiya, ta rijiyar ake zura gawa da igiya. Akwai ma zauren da dangin mamaci ke zama su ci abinci, su farfasa kwanukan a waje don kada su kai su gida, shi ya sa sunan ke nufin tudun tsingaro. Labarin da ake bayarwa shi ne jaki ne ya gano wurin a 1900, da ya rufta rami. Wannan ya yi wa Kawu daɗi ƙwarai, ya ce ga malaman tarihi birjik amma jaki ya riga su. Sai da muka kai tsakiya ya ga gunki mai kan kare sanye da kayan sojan Rum, sannan ya fahimci cewa cikin kabari yake tsaye. Mutumin da tun safe yake kukan gwiwa ya riga ni fitowa.

La'asar ta same mu a Anfushi, a masallacin Abul Abbas al-Mursi, shehin Shazaliyya ɗan Andalus. Kusa da shi akwai wani ƙarami, kuma a nan Kawu ya daina ƙorafi. Masallacin Imam Busiri ne, almajirin Mursi, mai Burda, da kabarinsa a ciki da baitocin a rubuce jikin bango. Kawu ya zauna da jiƙaƙƙiyar riga, ya fara rerawa a hankali da muryar da muka saba ji a zaure cikin watan Mauludi. Wani tsoho mai sharar masallaci ya ajiye tsintsiya ya zauna gefensa, Kawu ya ja rabin baiti, shi ya ƙarasa. Ƙafun da aka yar a titi duk suka dawo bakin tsohon. Sun fi rabin awa a haka, ni ina bakin ƙofa da jaka.

Da muka fito ya ce shi zai saya mana kifi. A Anfushi kai ne ke zaɓar kifinka a kan ƙanƙara, a auna, a gasa, a biya da kilo. Na yi niyyar gaya masa, ya ɗaga mini hannu. Ya nuna wannan, ya nuna wancan, ya ƙara da jatan lande, yana zaton kuɗin faranti ɗaya ne. Kifin ya yi daɗi, ba ƙarya. Da takarda ta zo ya duba da idon da aka gyara, ya duba da ɗayan, sannan ya turo mini ita a hankali.

"Ɗan nan, yi musu magana da nasu Larabcin."

A jirgin dare ya ce kowane labari zan iya bayarwa a gida ban da na tarago. Hular kuma mu ce ya ba wani almajiri sadaka.