Uku Aka Ba Ni, Uku Na Mayar

Har gobe ina nan a kan bakana, ni ban ɓatar da ɗa ba. Yara uku aka danƙa mini da hantsi, yara uku na mayar gida da la'asar. Amma tun da labarin ya riga ya zaga dangi ta bakin ƙannen matata, kowacce da irin gishirin da ta ƙara, har an kai ga cewa wai a bakin kejin kura na ajiye yaron na tafi shan askirim, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Maman Abba ta haihu a goman ƙarshe na azumi, saboda haka Ƙaramar Sallah ta same mu cikin jego. Gwaggonta ta zo daga ƙauye ta karɓe mulkin gidan. Tun asuba tukunyar ruwan wanka ke kan murhu, tsakar gida ba abin da ke tashi sai warin ganyen darbejiya da tururin kunun kanwa. Ni mai gidan kuwa an mayar da ni ɗan aike: sayo itace, sayo kanwa, koma ka canjo, wannan ba ungurnu ba ce. Manyan yaran suka rasa mai tsawata musu, suka koma tsalle a kan kujeru da leƙa bakin jariri don su ga ko haƙori ya fito. Ana cikin haka, ina zaune ina shan kunun da ba don ni aka dama ba, sai na ji Gwaggo tana faɗa wa maƙwabciya, da irin muryar da aka tanada don in ji, cewa mazan yanzu iyakarsu ajiye kuɗin cefane, ko majinar ɗansu ba su iya sharewa ba. Na ajiye ludayi. Na ce a shirya mini yara, Gidan Zoo za mu.

Bari in gabatar da rundunar. Abba, ɗan shekara bakwai, sunan mahaifina ya ci. Ummi, 'yar shekara biyar, sunan surukata. Baffa bai cika uku ba, shi kuma sunan ƙanen mahaifina. Duk wanda ya yi wa magabatansa takwara ya san abin da ya jawo wa kansa. Yaro ya fasa maka gilashin waya, ka ɗaga hannu, sai ka ji wata tsohuwa daga ɗaki ta ce, “Au, ubanka za ka daka?”

Sai maganar anko, wadda ita ce ummul haba'isin duk abin da ya faru. Tun tsakiyar azumi na shiga Kantin Kwari na yanko shadda ruwan toka, ni da Abba da Baffa. Mai shagon ya dafa ƙirji ya ce, “Alhaji, wannan kalar ba kowa ke da ita ba.” Ban taɓa taka Makka ba, amma Alhajin ya shige ni, na biya ban taya ba. Na haɗa wa yaran da hula da agogon roba da baƙin tabarau, irin wanda in yaro ya ƙwama ba ka ganin komai sai hanci da kumatu. Takalmin Baffa sau-ciki ne, baƙi, bashi na karɓo wurin wani maƙwabci mai sayar da kayan yara.

Da za mu fita, Maman Abba ta yage takarda ta rubuta lambar wayarta, ta maƙale wa kowane yaro da fil a cikin aljihu. Ummi ba ta da aljihu, aka soke mata a gefen ɗankwali. Na tambayi dalilin da ba a sa lambata ba. Ta ce ai kowa ya san ba na ɗaga baƙuwar lamba a lokacin Sallah, don gudun masu neman barka da Sallah da tela mai bin ciko. Sannan ta bi ni da wasiyya har zaure: “Baban Abba, Baffa ba ya shan abu mai sanyi. Ummi in ta ce fitsari, to ta riga ta fara. Abba kuma kada ka saki hannunsa.” Na ce, “Haba Maman Abba! Ni da nake riƙe aji guda a makarantar gwamnati, ina kiran suna safe da rana, yara uku ne za su gagare ni? Lissafi fa nake koyarwa.” Gwaggo ta ce, “Allah ya tsare,” amma yaran take kallo.

Daga Na'ibawa muka tari adaidaita sahu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, direbobin nan ba kujera suke ƙirgawa ba, kai suke ƙirgawa, har na kan cinya. Muka yi ciniki har ya kusa tafiya, sannan na ɗora biyu a cinya na cusa Abba a gefe. Kafin mu wuce Unguwa Uku Ummi ta ce fitsari. Uwarta ba ta yi ƙarya ba.

Wanda bai taɓa zuwa Gidan Zoo na Kano ranar Sallah ba, ba zai gane ba ko an yi masa bayani. Sunan Audu Bako aka sa wa gidan, gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma na tabbata ko shi bai zaci za a wayi gari 'yan kallo su ninka dabbobi haka ba. Masu hoto na jan hannunka, masu balan-balan na busa usur a kunnenka, mai awara nan, mai gurasa can, ƙura ta tashi har ka ji ta a haƙori. Abin da ya fara faɗar mini da gaba shi ne, tun daga layin tikiti na soma cin karo da shadda ruwan toka. Uba ruwan toka, 'ya'ya ruwan toka. Kalar da ba kowa ke da ita ba, ashe rabin Kano ne ba kowan ba.

Cikin sa'a guda aljihuna ya ga ta kansa. Ummi ba ta rufe baki: “Baba alawa. Baba lilo. Baba doki. Baba waccan yarinyar jakarta ta fi tawa.” Baffa ya ga askirim ya kwanta a ƙasa da sabuwar shadda yana birgima, jama'a na kallona, wata mata har da cewa, “Bawan Allah, saya masa mana, Sallah ce.” Na saya. Wasiyya ta farko ta tafi.

Don in ɗauke hankalinsu daga kayan saye, sai na shiga ba su tarihi, aikin malami. Na ba su labarin zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a gidan nan a watan Oktoban 2019, aka yi ta nemansa, ashe ya shige wurin awaki ya yi buɗa-baki da su. Na ba su labarin da ya karaɗe duniya a shekarar, na goggon birin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 6.8, kuɗin shigar da aka tara a bikin Sallah, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Abba ya yi shiru yana saurare. Na ji daɗi, na ce yau darasi ya shiga. Ashe ƙarshen labarin bai ji ba, miliyoyin kawai ya ji.

A bakin kejin jimina na waiga, ba Abba.

Na sauke Baffa daga kafaɗa, na damƙa wa Ummi hannunsa, na ce kada ta motsa ko ƙasa za ta tsage. Na ɗaga murya na ce, “Abba!” Jama'a, yara sun fi ashirin da suka waigo. Wani magidanci mai furfura ma ya amsa, “Na'am?” Na ƙara ƙarfi, “Abbaaa!” Sai wasu samari da ke zaune kan dakali suka haɗa baki, “Gida-gida!” suka bushe da dariya. Ni da nake neman ɗana, an mayar da ni ɗan kamfen. Wani dattijo ya tausaya ya ce in kira shi da sunansa na yanka. To ni a tsakiyar dubban mutane zan tsaya in ƙwala wa sunan mahaifina kira gatsal? Na gwada a hankali, ni kaina ban ji ba.

Wurin birai na same shi, ya manna fuska a jikin waya yana yi wa wani biri magana. Da na finciko shi ya ce, “Baba, kai ka ce ba ka da kuɗi. Ce masa nake ya yi amansu mu ɗiba.”

Na jawo shi muka dawo kejin jimina, gumi har cikin takalmi. Ga Ummi tsaye inda na bar ta, Allah ya yi mata albarka, tana kallon wata mai lalle. Ga yaro a gefenta, shadda ruwan toka, hula, baƙin tabarau, kumatu duk askirim. Na ce, “Taho mu tafi.” Ya ɗaga hannuwa biyu. Na saɓa shi a kafaɗa kamar buhun gero, kafin mu kai ƙofa ya yi barci. Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku. A nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. Wane malamin lissafi ne zai ce akwai gyara a wannan?

A cikin adaidaita Ummi ta fara, “Baba...” Na ce ba zan ƙara sayen komai ba. “Baba, ai...” Na ce in ta sake cewa Baba sai na bar ta a gadar Ɗangi. Ta yi shiru ta tura baki. Waya kuwa sai ruri take a aljihu. Na leƙa na ga Maman Abba ce, na san saƙon tsire ne na mai jego, kuma ko ƙwandala ba ta rage ba, na mayar. Abu ɗaya na lura da shi, yaron ya ɗan yi nauyi, amma na ɗora wa askirim.

Mun iske Gwaggo a zaure da mayafi a kafaɗa, tana tafa hannu tana salati. Maman Abba na tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba, wanda shi ne mafi hatsari.

“Baban Abba, yara nawa ka fita da su?”

“Uku.”

“Nawa ka dawo da su?”

“Ƙirga da kanki.”

“Naka nawa a ciki?”

Gwaggo ta miƙa hannu ta zare tabarau. Yaron ya buɗe ido, ya kalle ni, na kalle shi. Kyakkyawan yaro, tubarkalla, har da wushirya. Ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Ya wage baki ya saki ƙarar da ta tashi jariri da kajin maƙwabta.

Ummi ta ce, “Ai tun a can nake ta cewa Baba.” Na juya kan Abba, na ce shi babba me ya hana shi magana. Ya ce, “Na gani. Amma wannan ya fi Baffa kirki, ba ya cizo.”

Ashe tun muna hanya wani bawan Allah daga Gandun Albasa ya bugo wa Maman Abba, ya ce ya tsinci takarda a aljihun ɗansa, kuma bincike ya nuna ba ɗansa ba ne. Aka yi alkawarin haɗuwa a ƙofar Gidan Zoo. Na ɗauki yaron zan fita, Gwaggo ta tare hanya. Ta ce in na fita da yaron nan yana ihu yana cewa ba babansa ba ne, kafin in kai titi an tara mini jama'a. A nan kam ban yi musu ba, domin tun da aka gano yaran Kano da aka sace a Anaca a 2019, mutanen gari ba sa tsayawa jin bayani. Ta ba shi tuwon madara, ta goya shi da zane, ya yi ɗif. Haka muka koma, ita a gaba ni a baya, kuɗin adaidaita ma ita ta kwance daga bakin zane, kuma ta tabbatar direba ya san dalili.

Tun daga nesa na gane mutumin, domin shaddarmu ɗaya. Muka yi musabaha, kowa na kallon ƙasa. Da muka ɗan saki jiki na tambaye shi inda ya saya. Kwari. Shi ma an ce masa ba kowa ke da ita ba. Na tambaye shi a ina ya gane. Ya ce shi bai gane ba, har gida ya kai, maiɗakinsa ce ta jiyo kuka tun daga zaure ta ce wannan ba muryar ɗanta ba ce. To kun ji. Magidanta biyu, masu hankali, ba su san juna ba, sun yi abu iri ɗaya a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ko a gaban alƙali shaidu biyu ake nema. Laifin na anko ne da tabarau, sai kuma jimina da ta ɗauke wa Ummi hankali.

Baffa kuwa ko a jikinsa. An ba shi shinkafa da cinyar kaza a can, an wanke masa fuska, har an shafa masa turare. Da na miƙa hannu sai ya maƙale a wuyan mutumin ya ce shi ba zai koma ba. Da ƙyar Gwaggo ta ɓanɓaro shi, ya gantsara mini cizo a kafaɗa, na tabbatar nawa ne. Sai a hanya muka lura ƙafarsa ɗaya ba takalmi. Daren nan kuma ya kwana tari, aka tuna da askirim, aka buɗe sabon shafin shari'a.

Yanzu an yanke hukunci a gidan ba tare da an nemi ra'ayina ba. Babbar Sallah Maman Abba ce za ta kai su, ni in zauna da jariri, tun da shi bai fara tafiya ba. Na karɓa, amma ba don na yarda da tuhumar ba.

Roƙona ga jama'a: duk wanda ya tsinci takalmin yaro sau-ciki, baƙi, na ƙafar hagu, tsakanin kejin jimina da wurin lilo, ya taimaka ya ajiye wa masu gadi a ƙofa. Na daman yana wurina, kuma har yau ban gama biyan kuɗinsu ba.