Hayaƙinka Ya Iso Kankiya, Kai Kana Rimaye

Na san irin kallon da za ku yi mini, ku masu lodi daga Rimaye zuwa Kankiya da Gidan Mutum Ɗaya. Kun rabu gida biyu, kuma kowane gida ya yanke hukunci tun ban buɗe baki ba. Gidan farko na masu cewa tsohon injin gas ba ya karɓar ƙari, yadda Bature ya ƙera shi haka zai mutu, duk wanda ya ce zai ƙara masa ƙarfi aljihunka yake hange. Gida na biyu kuwa dariya suke yi wa na farko, don su a wajensu abin bai kai a zauna ba: a miƙa wa yaron gareji sifana, ya murɗa notin famfo, salansa ta fara aman baƙin hayaƙi, an gama. To ku gyara zama, kowa zai sami rabonsa.

Alhaji mai cewa ba ya yiwuwa, ranka ya daɗe, da kai zan fara, tunda girma naka ne. Ita kanta J5 da kake tinƙaho da ita, wadda Peugeot ta fitar a 1981, injinta na gas mai lita 2.5 ƙarfin doki wajen 75 gare shi. Da aka ɗaura masa turbo sai ya kai wajen 95, girman injin bai canza ba. Haka ƙaramin injin Peugeot mai lita 1.9: daga doki wajen 70 ya haura wajen 90 da aka sa masa turbo da abin sanyaya iska. Volkswagen ma ta yi wannan wasan a Golf da Sharan. Injin TDI mai lita 1.9 ya fito da doki 90, daga baya ga shi da 110, kuma abin da aka taɓa shi ne irin turbon, da girman ƙofar nozul, da lissafin kwamfutar da ke raba mai. Idan haramun ne a ƙara wa inji ƙarfi, masu kamfanin ne suka fara saɓo, ba bakaniken bakin tasha ba.

Na ji ka, Alhaji. Ka ce ai su a sabon ƙarfe suka yi, kuma a ƙasar sanyi. Wannan kam ka ci maki ɗaya, ka riƙe shi da kyau, zan dawo kansa.

Yanzu ku, 'yan murɗa noti. Kun taɓa tsayawa a maƙera kun kalli aikin zuga-zugi? Maƙeri in yana son ƙarfe ya yi ja, ba gawayi yake ta labtawa ba, yaro yake sa wa ya ƙara zuga. In ya cika gawayi iska ta gaza, sai maƙera ta turnuƙe, ƙarfe na nan baƙi ƙirin. Turbo zuga-zugin inji ne. Hayaƙin da ke fita shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin silinda, juyin da kan wuce dubu 100 a minti ɗaya. Wani injiniyan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar tun 1905, amma sai a 1978 Marsandi ta sa ta a motar hawa mai gas, Peugeot 604 ta biyo baya a 1979. Duk shekarun nan abu ɗaya ake nema, iska. Injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa in an fesa shi. Man da bai sami iskar da za ta ƙone shi ba shi ne baƙin nan da kuke alfahari da shi. Wato Malam direba, ka sayi gas da tsadarsa, ka fesa wa mai babur ɗin da ke bayanka, ya yi maka addu'ar da ba za a rubuta a nan ba, kai kuma kana leƙen madubi kana cewa yau mota ta ji magani.

Kada in zalunce ku. Murɗa notin yana ƙara ja, ba ƙarya kuka yi ba. Famfon Bosch mai juyi da ke jikin wasu tsofaffin injunan nan yana da notin da ke iyakance man da za a tura in an take totur ƙasa, kuma kamfani ya bar ɗan sarari. Sai dai ba don ado aka danne shi da hatimi ba. Ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba zafi yake haifarwa, fistin kuwa da alminiyam aka yi shi, wanda ke narkewa a digiri 660. Fistin na tsira ne don baƙin mai da ruwan lagireto suna kwashe masa zafi. Shi ya sa masu wannan aikin da hankali ke dasa ma'aunin zafi a bakin salansa, su ɗaga ƙafa in allura ta doshi digiri 700 ta zauna. Wa ya taɓa ganin wannan ma'aunin a garejin da kuke zuwa? Ma'auninku hanci ne, shi kuwa hanci sai gasket ya riga ya tafi yake kawo labari.

Ga abin da ba wanda ke son ji, don ba shi da armashi. Motarka ba sabbin dawaki take buƙata da farko ba, nata na asali ne suka watse, kuma yawancinsu ba su yi nisa ba. Peugeot ta maye gurbin J5 da Boxer a 1994, ke nan autar J5 ta haura shekara 30. Ka buɗe gidan iyakilina bayan hunturu ka gani, ƙurar da ke ciki ta isa a shuka gero. Wani ma ya cire ta gaba ɗaya wai don inji ya sha iska, ya bar yashi yana cin fukafukan turbo da ringi. Ka duba robar da ke kai iska daga turbo zuwa inji, in ta tsage ko ƙulli ya saki, yaron maƙera na ta zuga amma iskar a waje take ƙarewa. Nozul da ya tsufa ba ya feshi, ɗiga yake yi, mai ɗiga kuwa ba ya ƙonewa sosai. Lokacin famfo in ya goce ko kaɗan, ja ya ragu. Sai man jarka na bakin hanya, wanda wani lokaci an sirka shi da kananzir, alhali famfon nan da gas ɗin da ke ratsa shi yake samun santsi. A gyara waɗannan kawai, mutum zai rantse an canza masa inji.

Alhaji, fito da makin nan naka. Gaskiyarka, zafi abokin gaba ne. Iska in ta ƙara digiri 10 takan rage kauri da wajen kashi 3 cikin 100, kuma turbo da kansa yana dafa ta: a ranar bazara mai digiri 40, iskar da aka matse ninki biyu tana wuce digiri 100 kafin ta shiga inji. Amma wannan hujja ce ta sa abin sanyaya iska, ba ta naɗe hannu ba. Abin nan kamar ƙaramin lagireto yake, ana ɗaura shi gaba inda iska ke bugu, kuma wanda ya san Kofar Ruwa a Kano ya san inda ake neman na Beljiyom. Shi ne ƙari mafi aminci ga injin da bai zo da shi ba. Bayansa a ɗan matsa sandar da ke buɗe ƙofar rage matsi a jikin turbo, kaɗan, ana kallon geji. Sai daga ƙarshe a je wa notin mai, kwatan juyi, a gwada da lodi, in hayaƙi ya yi baƙi a koma baya. TDI mai kwamfuta kuwa notinsa a cikin lissafi yake, sifana ba ta da aiki a wurin.

Akwai wata ɗabi'a da na rasa wanda ya koya muku. Mutum ya taso daga Dawanau da gudu, ya tsaya, ya take totur sau biyu vuum vuum, ya kashe. Turbo na can yana juyi da zafi, baƙin mai ya daina zuwa, wanda ya rage a ciki ya ƙone ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na silo ya wadatar, bai kai tsawon gaisuwar da za ka yi da mai shayi ba. In kuwa turbon ya gaji ya fara zubo baƙin mai cikin hanyar iska, akwai ranar da inji zai koma shan mansa, ya yi ta hauhawa da kansa. Ka zare makulli, yana nan yana ihu. Ranar sai dai a toshe masa iska, ko a sa babbar giya a take birki a saki kuloci ya shaƙe. Karen mota da ya taɓa ganin haka ba ya buƙatar wa'azi, shi ne na farko a gona.

Sai tambayar da nake ta ɓoyo. Ƙarfin nan, ina za ka kai shi? Tsakanin Kusada da Kankiya ban san dutsen da ya gagari mota ba, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Tudun da motarka ke nishi a kai a bayanta ka ɗora shi: buhunan masara har rufi, awaki a sama, fasinja biyu a kujerar mutum ɗaya, wani kuma a maƙale a ƙofa. Ka ƙara doki 15, kulocin da aka auna da ƙarfin farko zai fara sulɓi a babbar giya, birkin na nan yadda yake, tayoyin sun yi sanƙo. Jami'an kiyaye haɗurra ma tun 2017 suke neman na'urar ƙayyade gudu a motocin haya, kai kuma kana neman ƙari. In wani Banufe ya karanta wannan ya ce Katsinawa sun kasa tuƙa mota sai gardama, ku ce masa ya fara koyon bambanta giya da akalar kwalekwale, sannan ya zo Rimaye mu ba shi kujerar gaba, kusa da inji, a watan Afrilu.