Yadda Za Ka Zama Mutumin Kirki a Cikin Gem: Shawara ga Samarin Araba

Ƙanena, ka gaji da buga ƙwallo a gidan gem, ka ɗauki Madrid ka ɗauki Barcelona har babban yatsanka ya yi kanta. Yanzu ga shi an kawo na'ura daga Sakkwato cike da wasannin takubba da dodanni, ka gyara zama za ka gwada. Madalla. Amma dakata tukuna. A wasan ƙwallo ana hura usur a tashi, kowa ya manta da ketar da aka yi. Waɗannan kuwa riƙo gare su. Abin da ka aikata da hantsi za su ajiye maka shi, su fito da shi bayan la'asar, lokacin da ka saki jiki. Saboda haka bari a yi maka 'yar huɗuba kafin ka kama fad.

Tun kafin ka taɓa kowa, ka san ko kai wane ne. Da yawa cikin wasannin nan suna farawa ne da shafin ƙera jarumi, inda za ka zaɓi fuska da jiki da sana'a. Samarinmu sukan ƙarar da rabin kuɗin awarsu a nan, ana ja wa hanci tsawo, ana taje gemu. Ba laifi, kowa na son nasa ya fi kyau. Sai dai ranar da aka tsare ka da tambaya mai nauyi, hancin ba zai ba ka amsa ba. Ka ba jaruminka hali. Ka ce wannan ba ya ƙarya. Ko ka ce yana da saurin fushi amma ba ya cin amana. Ko ka ce yana son kuɗi ƙwarai, amma ba ya karɓar na marayu. Hali biyu ko uku sun isa. Sannan ka faɗa da ƙarfi, wanda ke kusa da kai a benci ya ji, domin ka sami mai tuna maka idan ka ga zinariya idonka ya rufe.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba. A 1985 wani mai ƙera wasanni a Amurka, Richard Garriott, ya fitar da Ultima IV. Ya lura cewa a wasanninsa na baya sata da kisa su ne hanyar saurin yin ƙarfi, sai ya gina wasan da babu wani ƙasurgumin mugu da ke jiranka a ƙarshe. Aikinka shi ne ka cika halaye 8, cikinsu har da gaskiya da tausayi da jarumta da adalci da sadaukarwa da tawali'u. A cikin wasan akwai makauniya mai sayar da kayan haɗa magani. Za ta faɗa maka kuɗin kaya, kai ne za ka ƙirga ka ba ta. Idan ka rage, ba za ta ce uffan ba, za ta miƙo maka kayanka. Wasan ma shiru zai yi. Sai ranar da ka je neman shaidar cewa ka cika mai gaskiya, a ce maka da sauranka. Duk yaron da ya taɓa raka babansa kasuwar Illela ranar Lahadi ya san wannan lissafi, domin ana cinikin bijimi a kan maganar dillali, kuma dillalin da ya ci amana sau ɗaya, labarinsa na riga shi isa Ƙwanni. To ka biya makauniya kuɗinta cif.

Sai maganar ladabin shiga gari. A Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar a 2011, ƙauyen da akasarin mutane ke fara isa shi ne Riverwood. Akwai maƙeri, akwai wurin yankan katako, akwai kuma kaji suna kiwo a bakin hanya. Ka bar kajin nan. Na sake faɗa maka, ka bar su. Sabon shiga yakan ga kaza, ga sabon takobi a hannu, sai ya kai mata sara. Nan take ƙauyen ya tashi, maƙerin da ya yi niyyar ba ka masauki ya biyo ka da makami, kai da aka ce za ka ceci duniya daga dodanni ka koma mai gudun ceton rai a bakin rafi. Daga bayanka za ka ji mai gidan gem yana cewa, "Kai yaro, mi kazag ga tay yi maka?" Kai kuma ka ce, "Yaya, takobi nika gwadi." Ka gwada shi a kan kyarkeci, suna nan da yawa a bayan gari.

Haka nan shiga gidajen mutane. Wasan zai bar ka ka tura ƙofa ba sallama, ka buɗe akwati, ka kwashe cuku da cokula. Akwai ma wata dabara da ta shahara a duniya: a kifa wa mai kanti bokiti a ka don kada ya gani, a yashe masa kaya. Tana aiki, ba zan ɓoye maka ba. Amma kayan sata a Skyrim alama gare su, ɗan kasuwar kirki ba ya saye, sai ka nemi masu sayen kayan ɓarayi, kuma ranar da dogari ya kama ka zai ƙwace su duka. Ga nauyi. Jaruminka yana farawa da iya ɗaukar kaya na ma'auni 300, da zarar ka haura haka gudu ya gagare ka, sai jan ƙafa. Abin tausayi ne ka ga jarumi guda dodo na feso masa wuta, shi kuma ya kasa gudu saboda tukwanen mutane.

Yanzu mu shiga inda maganar ta yi zurfi. The Witcher 3 wasa ne da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a 2015. Jaruminsa Geralt mafaraucin dodanni ne, da ladan aikinsa yake ci, har ana ba ka damar yin ciniki kafin ka karɓi aiki. A farkon wasan wani talaka zai roƙe ka ka kori fatalwar da ta tare wata rijiya, domin 'yarsa ba ta da lafiya, ruwan kogi kuma ya gurɓace da gawarwakin yaƙi. Idan ka gama ka dawo, zai kawo maka ladanka, sai ka gane kuɗin da yake tara wa yarinyar ne na aure. A lokacin aljihunka wayam, takobinka na bukatar gyara. Shawarata, ka bar masa. Ka san yadda uwa ke tara kwanuka shekara da shekaru kafin 'yarta ta isa ɗaki. Kuɗi za su zo daga wani wuri, dodanni ba su ƙare ba.

Wannan mai sauƙi ne, don an san fari an san baƙi. Mai wuyar yana gaba, kuma wanda bai kai wurin ba ya yi haƙuri, zan ɗan ɓare masa labari. A wata fadama akwai wasu mayu uku da ke riƙe da marayu. A ƙarƙashin wata bishiya kuma akwai wani ruhi a ɗaure, yana roƙon ka sake shi, ya yi alkawarin ceton yaran. Idan ka sake shi, zai cece su da gaske, sannan ya afka wa ƙauyen da ke kusa ya hallaka mutane, matar da ke kula da yaran ta mutu, mijinta ya rataye kansa. Idan ka kashe shi, ƙauyen ya tsira, matar ta rayu cikin taɓin hankali, yaran kuwa sun tafi ke nan. Babu ƙofa ta uku da za ka fita da hannu mai tsabta. Kuma ba nan take za ka ga sakamakon ba, sai ka yi nisa.

A nan ne za a raɗa maka cewa ka koma tsohon sebin, wato inda ka adana wasanka a baya, ka sake zaɓi. Kada ka koma. Wannan ce shawarar da na fi riƙewa da ƙarfi cikin duk abin da na faɗa. Idan duk lokacin da abu ya ɓaci za ka juya baya ka goge, to jaruminka ba shi da hali, lissafin riba kawai yake yi. Ka tsaya ka tambayi kanka abin da mutumin da ka ƙera zai yi da ɗan abin da ya sani a wannan lokaci, ka zaɓa, ka ɗauki abin da ya biyo baya. Daɗin labarin a nan yake. Masu ƙera wasannin ma sun san haka. Kamfanin Larian na Beljiyam, da ya fitar da Baldur's Gate 3 a 2023, ya ƙara masa wani mataki mai sebin ɗaya tak, inda abin da ya faru ya faru. A wasan nan, idan ka zaɓi jarumi mai rantsuwa sannan ka karya ta, wani baƙon mayaƙi zai zo har sansaninka, kuma maido da rantsuwar sai da tarin zinariya. Alkawari kaya ne, har a cikin kwamfuta.

Akwai wasa guda da nake so kowane ɗan Araba ya gwada, ko da yake babu dodo a cikinsa. Sunansa Papers, Please, Lucas Pope ya yi shi a 2013, kuma tun 2022 ana samunsa a waya. Kai ne jami'in kan iyakar wata ƙasar ƙage mai suna Arstotzka. Ana biyanka gwargwadon yawan mutanen da ka duba, kuskure ya yi yawa a ci ka tara, a gida kuma ga haya ga abinci ga yaro ba lafiya. Wani mutum zai zo da takardunsa cikakku, ka buga masa hatimi, ya roƙe ka ka tausaya wa matarsa da ke bayansa. Ta iso, takardarta ɗaya babu. Mu da muka ga an rufe iyakar nan tamu da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a Agustan 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, mun san tsayuwa a gaban taga. Zama a bayanta ne ba mu sani ba. Ka zauna ka ji yadda hatimi ke nauyi. Ni dai ina ganin ka bar ta ta wuce, gargaɗi biyu na farko a kowace rana ba su da tara.

To, idan mutum yana son ya fito a mugu fa? Ya halatta a wasa, ai ko a tashe wani ne ke shiga rigar abin dariya, a fim ma sai da bos. A Fable na 2004 har ƙaho ke tsiro wa mugu a ka, mutanen gari su riƙa gudu idan sun hango shi. Sharaɗin ɗaya ne da na mutumin kirki: ka yanke tun farko, ka riƙe, ka sha abin da ka dama. Wanda ba a so shi ne mai raba ƙafa, ya yi sadaka a gaban abokan tafiya don su yaba masa, ya zagaya ya yanke aljihun wanda ya ba.

Amma akwai wurin da zan roƙe ka. A farkon Baldur's Gate 3 za ka tarar da 'yan gudun hijira, da yaransu da tsofaffinsu, sun fake a wani kurmi, mahara na shirin afka musu. Wasan zai ba ka damar buɗe wa maharan ƙofa. Idan ka yi haka, biyu daga abokan tafiyarka, Wyll da Karlach, za su rabu da kai, kuma da gaskiyarsu. A gabashin Sakkwato wannan ba tatsuniya ba ce. Mutanen Isa da Sabon Birni sun tsallaka Nijar da ƙafa saboda 'yan bindiga, kuma ba ka san wanda ke zaune a bayanka yana kallon allon ba. Ka tsaya wa mutanen kurmin.

Sauran gajeru ne. Ka duba lambar shekarun da ke jikin wasa. The Witcher 3 da Baldur's Gate 3 duk na 'yan 18 zuwa sama ne, akwai jini akwai tsiraici, na biyun yana da wurin rufe tsiraicin, ka rufe tun kafin ka fara, kuma ka sallami ƙananan yara daga benci. Gumaka da tsafin da ke ciki ƙage ne na marubuta, ka bar su inda ka same su. Idan aka kira salla ka danna tsayawa, dodon zai jira ka da bakinsa a buɗe. Kuɗin da Inna ta ba ka na cefane kuma ba na awa ba ne, domin ba a biyan makauniyar Ultima da kuɗin daddawa.

Ku kuma masu gidajen gem na Araba da Illela, don Allah ku buɗe wa kowane yaro sebin nasa da sunansa, ku hana wani taɓawa. Ba daidai ba ne yaro ya yi mako guda yana gina sunan jaruminsa, ya tafi gona, ya dawo ya tarar wani ya hau kansa ya kashe kazar Riverwood. Ku kuma riƙa faɗa kafin a kashe janareto, ko da da minti biyar ne, kowa ya samu ya adana wasansa.