A Bar wa C Sunansa

A cikin birnin Zariya akwai masu ganin harafin C ya daɗe yana riƙe da faifan Windows a kwamfuta, gara a ba Z dama, don kishin Zazzau. Hujjarsu da ƙarfi. C ba shi ne ɗan fari ba. A da B na faifan floppy ne, wanda tuni ya riga mu gidan gaskiya. Sai dai dubban adireshin da ke rajistar Windows da C suka fara. Sauya wa Ƙofar Doka suna da tsakar dare, ka ga inda ɗan acaɓa zai sauke baƙo. Za a ce kwamfutata ce, da kuɗina na saya. Ƙwarai kuwa, Alhaji. Windows ma ba ta musa ba. In ka matsa mata dai, gobe ba za ta tashi ba.