Zuwa ga Sarkin Ruwan Kubanni

Bazazzagi, barka da hutawa, ko da yake na ji shi kansa hutun sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ka same shi. Labari ya iso mana Bebeji cewa ka shiga adashi, wai in ka kwasa Legas za ka, ka hau jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da ake kira Ilashe, ka miƙe a kan rairayi babu mai damunka. Kai ɗin? Kai da in Kubanni ta kawo ruwa kake naɗe wando har gwiwa kana salati, alhali kana kan gada? To, Allah ya kai mu, mu ma mu sha kallo.

Kada ka ɓata rai, Sarkin Ruwa. Ai hakkin abokin wasa ne ya gaya maka inda za ka sa ƙafa tun ba ka sa ba.

Wannan tsibiri da kake ta yi wa kirari a majalisa, tsirin yashi ne dogo siriri, teku a gabansa, wani kwantaccen ruwa a bayansa ya raba shi da gari. Igiyar teku ce ke kwaso yashin daga yamma tana jibgewa, shi kuma ya tsaya yana karɓar dukan da ya kamata gari ya sha. Kuma irin wannan ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Tambayi tsofaffin 'yan cirani labarin Bar Beach. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka jera katangun duwatsu a bakin mashigar jiragen Legas, yashin da ke tahowa ya riƙa maƙalewa a yamma, teku kuwa ta yi ta cin gaɓar gabas har ta kai tana malalowa kan titin Ahmadu Bello. Yau an cike wurin an kafa Eko Atlantic a kai. Wato za ka biya kuɗi ka kwana a ƙasar da ita ma ba ta yanke shawarar zama ba.

Sannan babu titi. Ruwan sha, shinkafa, man janareto, komai a jirgi ake kai shi, kuɗin jirgin kuma a farantinka zai fito. Na san ka, za ka ce ai da guzurinka. Ina hango ka da kular fate a cinya, babbar riga ta sha sitaci, hula ta zauna daram, ka ɗora rigar kariya a kai, kana tambayar direban jirgi ko akwai ragi ga malamai. In kun sauka, ruwan gishiri ne. Na yarda, malamanku za su kawo maka hujja cewa alwala ta halatta da shi, amma a gwada dama fura da shi mu gani. Wanka kuwa kada ma ka fara. Tekun Legas tana janye gwanaye, balle wanda iyakar ninƙayarsa bokiti.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce shirun da ka ce kana nema. Kai da shiru ba ku taɓa shan inuwa ɗaya ba. Mutumin da in an ce masa ina kwana sai ya tambayi madogara, da wa zai yi gardama a can? Ƙaguwa ba ta musu. Na rantse kafin la'asar ka tare mai sayar da kwakwa kana koya masa tarihin Sarauniya Amina, shi kuwa bawan Allah canjinsa kawai yake jira.

To saurara, in gaya maka abin da girman kai ya hana ka gani a bayan gidanka. Daga Zariya ka kamo hanyar Kano, in ka kai Kwanar Dangora a ƙasar Kiru ka tsaya ka sayi rake, ka taya abin da hankali, don ba a saba da irin tayinku ba. Daga nan kaɗan ya rage ka iso Tiga. Marigayi Gwamna Audu Bako ne ya tare Kogin Kano a nan, aka fara aiki a 1971 aka gama a 1974, da bango mai tsawon kusan kilomita 6. Ruwan da ya kwanta ya rufe fili kimanin murabba'in kilomita 178. Ka tsaya a bakinsa ka yi ta ƙifta ido, ka faɗa mini ko za ka iya zagaye shi da wannan tsohon babur naka. Iska na kaɗawa, duwatsu sun kewaye, masunta na jefa birgi daga kwale-kwale. Da rani in ruwa ya ja baya, gaɓa ta fito fili, ga wurin shimfiɗa tabarma kyauta. Tarwaɗa da karfasa kuwa daga koma sai kasko.

Kuma namu ruwan ba na kwalliya ba ne. Shi ke bin magudanai ya shayar da gonakin Kadawa, Kura da Garun Malam. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan har kasuwar Mile 12 ta Legas yake kaiwa. Saboda haka ko ka je tsibirin naka, babu mamaki miyar da za a saye ka da ita ruwan Tiga ne ya raini tumatirinta. Ka ga ka tafi ka bar mu, ka tarar da mu a kwano.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce ina otal ɗin Rock Castle da ake ta labari, ina na Bagauda? To, na Rock Castle yana nan kan dutsensa, ya ga jiya ya ga yau. Na Bagauda kuwa ya zama makarantar horar da lauyoyi, abin da ya kamata ya faranta maka rai, tunda ka sami waɗanda za su iya jure gardamarka, har ma a ba su shaida a kai. Ban ce mun riƙe wuraren nan yadda ya kamata ba. Mu Kanawa in abu ba ya kawo ciniki kafin azahar, mantawa muke da shi. Wannan ɗaya na ba ka, riƙe ta da kyau, don ba za ka sami ta biyu ba.

In ruwa ya ishe ka, sai mu miƙa kudu. Mu ci shinkafar Tudun Wada, mu ratsa dajin Falgore inda Kogin Kano ke bi kafin ya faɗo Tiga, da rana tsaka ba shakka, don na san ko biri ya tsallaka titi sai ka nemi komawa gida. Mu ƙarasa Doguwa, mu hau duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza, iska mai sanyi ta busa maka wannan kan da karatu ya dafa.

Sharuɗɗana uku ne. Za ka sa rigar kariya in mun shiga kwale-kwale, don Tiga ba Kubanni ba ce, kuma ba ni da bakin yi wa Hajiya bayani. Za ka yi shiru na tsawon cin kifi ɗaya, mu ga ko za ka rayu. Kuɗin adashin kuwa ka taho da su gaba ɗaya, ni zan ajiye maka, ka san amanar Bakano a kan kuɗi.

Ina jiran amsarka, Sarkin Ruwa. Ka taƙaita ta don Allah, jaridar da ke buga mana wasiƙun nan ba ta ku kaɗai ba ce.