Ƙa'idojin Sayen Gida a Kano ga Mai Ƙarfin Zuciya

Kasancewar birnin Kano ya daɗe da tsallake badala ya malala zuwa Kumbotso da Ungogo, har gonar da aka girbe gero a cikinta bara ta zama unguwa mai suna a bana, ya wajaba ga mai niyyar sayen gida ya kiyaye wasu ƙa'idoji kafin ya kwance bakin jakarsa.

Ƙa'ida ta farko ta shafi dillali, wato mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa domin la'ada, wanda ba a cika samunsa shi kaɗai ba, domin a bayansa akwai wasu huɗu da suka tsinci labarin gidan a teburin mai shayi, kuma dukkansu za su bayyana ranar biyan kuɗi. Idan ya ce gidan yana bakin titi, to titin da ake fatan gwamnati za ta yi yake nufi, idan kuma ya ce wani Alhaji zai kawo kuɗi bayan la'asar, mai saye ya kwantar da hankalinsa, domin wannan Alhajin bai taɓa isowa ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a duba gida a watan Agusta, kasancewar da rani kowane gida a kan tudu yake. Sabon fentin da ya tsaya daidai ƙugu a jikin bango ba ado ba ne, ma'aunin ambaliyar bara ne aka rufe.

Ƙa'ida ta uku ta shafi takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar shaidar mallaka ba ta wuce wa'adin shekara 99, ma'ana mai gida ɗan haya ne mai dogon zango. Shi kuwa awon igiya, wato filin da aka yayyanka ba bisa tsarin hukuma ba, shaidarsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa, wadda ba ta hana jan fentin hukumar tsara birane ta KNUPDA sauka a katanga. Saboda haka ana fara bincike a ofishin hukumar bayanan filaye ta KANGIS kafin a biya kafin alƙalami, wanda shi ne kuɗin da ake ajiyewa domin kama ciniki, ba bayan an biya ba. Idan gidan gado ne, a ƙirga magada ɗaya bayan ɗaya, domin wanda ke Saudiyya ba ya dawowa sai an gama filasta.

Wanda ya ga waɗannan ƙa'idoji sun yi masa tsauri, gara ya ci gaba da zaman haya, domin tashin hankalin ɗan haya sau ɗaya ne a shekara, na wanda ya sayi rigima kuwa duk ranar zaman kotu ne.