Yadda Na Zalunci Firjin Uwargida

Gidan da na gada a Nguru, wanda mahaifinmu ya gina ba nisa da tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe tun 1930, ya daɗe yana neman gyara. Ni kuwa na daɗe ina yi masa alkawari irin na mai cin bashi, har sai da aka sa ranar auren ɗana na ga babu sauran uzuri. Na tara birkila da kafinta, na kuma kira wani ɗan ƙanwata mai sana'ar wayarin a Gashuwa ya sabunta wayoyin gidan. Kafin ya koma ya kafa wani maɓalli a akwatin wuta, ya ce mini, "Kawu, wannan mai gadinku ne. Kullum yana auna wutar da ta shiga ta jar waya da wadda ta komo ta baƙa. Da zarar ya ga miliyamfiya 30 ta ɓace a hanya, sai ya ɗauka ta bi jikin mutum ne, ya katse komai kafin ƙiftawar ido." Na jinjina kai kamar wanda ya fahimta, alhali abin da na riƙe kawai shi ne kuɗinsa.

Mai gadin nan ya yi mako biyu bai ce uffan ba. Ranar wata Talata a tsakiyar bazara, da azahar, lokacin da zafin Nguru kan sa ƙadangare ma ya nemi inuwa, sai muka ji ƙas, fanka ta yi ta sassautawa har ta tsaya. Na leƙa maƙwabta na tarar tasu wutar tana nan lafiya. Na ɗaga maɓallin, ya yi daƙiƙa kaɗan yana nazari, ya sake faɗuwa.

To ni tsohon malamin makaranta ne, wanda ya shekara 35 yana gano mai laifi a aji ta hanyar kallon ido kawai, saboda haka na ga ba ya kamata a ɗauko yaro daga Gashuwa kan mas'alar da ijtihadi zai warware. Na lura duk sa'ad da firjin uwargida ya yi gurnani, maɓallin sai ya faɗi. Na yi ƙiyasi, na yanke hukunci ba tare da neman shaidu ba, aka zare firjin, ƙanƙarar da take sayarwa ta narke, zoɓon kwana biyu ya yi tsami. Ta ce, "Malam, shekara takwas firjin nan yana gidan nan bai taɓa faɗa da kowa ba." Na amsa mata cewa lantarki ilmi ne mai zurfi.

Ba a jima ba 'yata ta jona dutsen guga, maɓallin ya faɗi, na haramta guga. Aka jona tukunyar dafa ruwa, ita ma ta bi sahu. Kafin magariba na kama kayan gida biyar da laifi ɗaya, abin da ko alƙalin da ya fi kowa son tara zai yi shakka a kansa. Ni ban yi ba. Na koma kan birkila na ce ɗanyen filastarsa ne ya jiƙa soket, na riƙe masa ladan yini guda. Wani maƙwabcina ya kawo tasa fatawar, cewa tsohuwar rijiyar da muka cike tana da masu ita, kuma ba a sallame su ba. Na ce masa wannan camfi ne, amma da dare ya yi na sa aka turara gidan, don ihtiyaɗi.

Abin da na fi jin nauyin faɗa shi ne na sami kara na tokare maɓallin don kada ya faɗi. Ashe waɗanda suka ƙera shi sun san akwai irina a duniya: hannunsa yana sama, ya katse wutar daga ciki.

A rana ta uku na yi waya Gashuwa. Yaron ya iso da hantsi, ya saurari tarihin shari'o'ina cikin ladabi, kansa a sunkuye, ko da yake na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, ya riƙa zare baƙaƙen wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana aunawa da mitarsa, har ya tsaya a kan ta falo. Ya ce a wani wuri baƙar waya ta haɗu da koriya, wadda ke zuwa ƙasa. Idan haka ta faru, kowane abu mai jan wuta aka kunna, a kowane ɗaki yake, wani kaso na wutarsa zai zame ta wannan haɗin, mai gadi ya ga lissafi bai cika ba. Wato firji da dutsen guga shaidu ne, ni kuwa na ɗaure su.

Sa'an nan ya bi bangon falo da ido daga soket zuwa sama, inda ya binne bututun waya, har idonsa ya sauka a kan takardar yabon da aka ba ni ranar da na yi ritaya, tana rataye cikin gilashinta a kan ƙusar kankare 'yar inci huɗu.

"Kawu, wa ya kafa wannan?"

Na dubi kafinta, kafinta ya dubi silin. Uwargida, wadda ta riƙe mini kujera da hannunta a safiyar Talatar nan ina buga ƙusar ina yabon ƙarfin filastar, ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, a mai da firjin yanzu, ko sai an gama bincike?"

Na biya birkila ladansa har da ƙari, na biya kuɗin motar Gashuwa zuwa da komowa, aka fasa sabon bangon aka canza waya. Kuɗin zoɓo ne har yau ba mu daidaita ba, domin uwargida ta ce da ƙanƙara za a lissafa.